Windows ko Linux a laftof mai RAM 4GB? Karanta wannan kafin ka kai a yi maka fomat

Ƙanina ne ya shigo min da laftof ɗinsa ranar nan, irin na hannun nan da ake cewa Beljiyam, Core i5 tsohon yayi, RAM 4GB, faifanta kuma HDD mai juyawa. Ya dire ta a gabana yace "Yaya don Allah duba min, ina jin virus ne ya cinye ta, ko dai in kai a goge Windows ɗin a ɗora min Linux, ance shi baya hangin." Na danna Ctrl da Shift da Esc, shi kanshi Task Manager sai da ya ja aji kafin ya buɗe. Disk na kan 100%, Memory ta haura 90%, CPU kuwa yana zaune abinsa ko 20% bai kai ba. Babu wani virus. Tab 14 ne a Chrome, ga Word, ga Windows na sauke ofdet a ɓoye, ga Defender na bin fayiloli yana lalube, dukansu suna kokawa akan ɗan wuri ɗaya.

Tambayar tashi na sha jinta a bakin mutane, kuma yawanci amsar da ake basu ta ɓangaranci ce, ɗan Linux yace Windows shara ce, ɗan Windows yace Linux na masu son wahala ne. Ni dai na zauna da kowanne shekaru, to bari in faɗi yadda kowannensu ke rabon aiki a ciki, daga nan kai da kanka zaka ga wanda ya dace da injinka da sana'arka.

Manhajar da ke kwance a faifai kamar adaidaita ce a fake, ƙarfe ne kawai. Da ka danna ta sau biyu an tada ta kenan, an bata lamba tata da ake cewa PID, an yanka mata fili a RAM, ta shiga layin masu jiran CPU, wato mai yin ainihin aikin a cikin injin. Wannan da aka tada shi ake kira furoses. A cikin furoses ɗaya kuma za'a iya samun zare da yawa, kowane zare na jan nashi ɓangaren aikin, kuma a gaskiya zaren ake jerawa a layi ba furoses ɗin gaba ɗaya ba. Laftof ɗin ƙanina kwakwalwa 2 gareta a cikin CPU ɗinta, tana iya riƙe zare 4 a lokaci guda, amma furoses sun haura 100 zare kuma sun fi dubu. To ya ake yi?

Kwamfutocin shekarun 1950 kamar injin markaɗe suke, kowa ya ajiye bokitinsa a layi, sai an gama da na gaba tas sannan a zuba naka. Matsalar ita ce injin mai shegiyar tsada yakan tsaya cak yana jiran a karanto masa kati ko tef, kuɗi na ƙonewa a banza. Sai aka zo da dabarar mai shayi. Ka lura da mai shayin da ya iya aiki, ya ɗora indomin wannan, kafin ta dahu ya fasa ƙwan wancan, kafin mai yayi zafi ya yanka burodin na uku, hannu biyu ne dai amma kowa a benci gani yake shi ake yiwa aiki. A loda ayyuka da yawa a RAM lokaci ɗaya, duk wanda ya tsaya jiran faifai a miƙa CPU ga na kusa da shi. IBM sun yi wannan a OS/360 a shekarun 1960, su kuma mutanen MIT a Amurka ƙarƙashin Fernando Corbató sun nuna CTSS a 1961 inda aka ƙara agogo a lissafin, ko baka tsaya jiran komai ba in ɗan lokacinka ya cika za'a ƙwace a bawa wani.

Wannan ƙwacen da ƙarfi shine abun da tsohuwar Windows bata dashi. A Windows 3.1 ta 1992 sai manhaja ta ga dama ta saki CPU don kanta, in ɗaya ta ƙi saki kowa ya tsaya, daga nan sunan Windows ya fara ɓaci. Amma Windows ɗin da ke hannunka yau ba jikar waccan bace, daga Windows NT ta 1993 ta fito wadda Dave Cutler ya jagoranta, ita kuma tun ranar farko ƙwace take. Linux da Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991 shima haka. Kaga kenan duk wanda yace maka Linux ya iya haɗa ayyuka da yawa Windows bata iya ba, labarin shekara 30 da suka wuce yake baka.

Inda suka bambanta shine wa za'a bawa na gaba.

Windows tsarin fada gareta, akwai manya akwai ƙanana. Matakai 32 ne daga 0 zuwa 31, 1 zuwa 15 na talakawan manhajoji, 16 zuwa 31 na masu aikin da baya jira. Duk zaren da yafi matsayi kuma yake shirye shi ke hawa CPU, in matsayinsu ɗaya sai su yi karɓa-karɓa, kowa a al'ada yana samun wajen milisakan 30. Amma fadar nada wayo, tagar da kake aiki a kanta, wadda ke gabanka, ana tsawaita mata lokaci har ninki 3, kuma zaren da ya farka saboda ka danna kibod ko ka motsa maus ana ɗaga shi na ɗan lokaci don ya amsa maka da wuri. In kuma wani bawan Allah ya kai wajen daƙiƙa 4 a layi ba'a kula shi ba, sai a cilla shi mataki na 15 ya ɗan ɗanɗana ya dawo. Wato an gina ta ne da tunanin mutum ɗaya zaune gaban allo, abun da yake kallo shine sarki.

Linux kuma tsarin rabon gado ne, kowa da kasonsa. Daga 2007 zuwa 2023 mai rabon sunansa CFS, na Ingo Molnár, ya shigo a kanel 2.6.23 (kanel shine zuciyar babbar manhaja irin Linux ko Windows), hikimarsa mai sauƙi ce, ana rubuta lokacin da kowa ya ci, wanda aka fi cuta shine na gaba. A kanel 6.6 aka maye shi da EEVDF wanda ya ƙara lissafin wa'adi don masu ƙaramin aiki na gaggawa su rinƙa samun shiga da wuri. Babu manya da ƙanana a tsakanin manhajojin yau da kullum, sai dai nauyi, abun da suke kira nice daga -20 zuwa 19, kuma sunan ya dace don kara ce, iya yawan lambarka iya karar da kake yiwa sauran. In biyu na takara akan kwakwalwa ɗaya, mai 0 da mai 1, rabon kusan 55 da 45 ne. Mai 19 in ya haɗu da mai 0 ko kashi 2 cikin 100 baya samu, amma dai yana samu, ba'a barinsa da yunwa.

To wanne yafi? Wallahi a laftof ɗinka da ƙyar ka ji bambancin. Na faɗi duk wannan ne don ka san ba nan gizo ke saƙar ba. Ka tuna allon ƙanina, CPU ko 20% bai kai ba amma injin ya sandare. Mai shayin ba gajiya yayi ba, teburinsa ne ya cika.

RAM shine teburin. In ya cika dole a kwashe wasu kaya a kai sito, sito kuma shine faifai, a Windows fayil ne mai suna pagefile.sys, a Linux suwaf ake ce masa. Ana kwasa ne gutsure-gutsure, shafi mai 4KB. Yanzu duba nisan siton nan. Ɗauko abu daga RAM wajen nanosakan 100 ne, daga SSD wajen ninki dubu na haka, daga HDD mai juyawa wajen milisakan 10, ninki dubu 100 kenan. In mun ce miƙa hannu ka ɗauko sukari a tebur daƙiƙa 1 ce, to SSD kamar ka aiki yaro kasuwa ne ya dawo bayan minti 17, HDD kuwa kamar ka sa shi a mota daga Kano zuwa Legas, sama da kwana guda. Ka ɗauka mai shayi ya kai gwangwanin madara Legas don ya samu wajen ajiye burodi, sai ga mai son madara, ya aika a ɗauko a tafi da burodin, sai ga mai son burodi. Haka injin zai wuni yana aike ba'a haɗa shayi ko kofi ɗaya ba, fitilar faifai na kunne ɗif, maus na tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Wannan shine hangin ɗin da kuke gani, kuma kowanne cikinsu yana yinsa.

Abun tambaya biyu ne, wa yafi cinye teburin tun kafin kwastoma su zo, sannan me kowa keyi in teburi da siton duk sun cika.

Na farkon babu gardama Windows ce. Da ka kunna, baka buɗe komai ba, a injin ƙanina kusan rabin 4GB ɗin ya tafi. Ga Antimalware Service Executable wato Defender, ga SysMain da ada ake kira Superfetch mai loda abun da yake zaton zaka buɗe, ga mai jera fayiloli don bincike, ga Windows Update, ga OneDrive, ga tarkacen da kowace manhaja ke maƙalawa su tashi tare da injin. Akwai ma wani abu da ya bani dariya, tun Windows 10 ta farkon 2017, in RAM ɗinka ya wuce 3.5GB ana raba hidimomin svchost.exe kowacce da furoses ɗinta, don in ɗaya ta faɗi kada ta ja sauran. Tunani ne mai kyau, amma mai 4GB ya tsallake layin da ƙyar an lissafa shi cikin masu hali, shi yasa zaka ga svchost sun cika maka Task Manager kamar fara. Linux mara nauyi irin Mint mai Xfce ko Lubuntu da na gwada daga filashi a wannan injin ɗin dai bai kai 1GB ba bayan ya tashi. Ratar nan ta wuce 1GB, a mai 16GB ba komai bace, a mai 4GB kuwa ita ce tsakanin aiki da zagi. Ka lura nace mara nauyi, Ubuntu gangariya mai GNOME su kansu sun daɗe suna cewa ka tanadi aƙalla 4GB, in ka ɗora shi kana jiran mu'ujiza zaka sha mamaki.

Na biyun kuma anan ne zan ɓatawa 'yan Linux rai.

Windows kamar direban da ke ƙirga kujeru ne. Duk manhajar da ta nemi wuri sai an duba jimillar RAM da pagefile, shine abun da zaka gani an rubuta Committed a Task Manager da lamba biyu. In an kusa iyaka ta ƙara girman pagefile, in ba hali sai tace mota ta cika, ta fito maka da gargaɗi ka rufe wasu abubuwa, manhajar da aka hana kuma ko ta haƙura ko ta faɗi. Kafin a kai nan injin ya zama kunkuru amma yawanci kana iya lallaɓawa ka yi sebin.

Linux ɗan kamasho ne, yana yankar tikiti fiye da kujerun motar don ya san ba kowa ke zuwa ba, manhajoji da yawa na neman fili su ƙi amfani dashi. Yawancin lokaci dabarar na ci. Ranar da kowa ya zo kuwa, sai a kira wani da ake cewa OOM killer, ya duba wa yafi kowa kaya ya jefar dashi ta taga, ba sallama ba gargaɗi, kuma sau da yawa burauzarka ce ko abun da kake tsakiyar yi. Wannan ma da sauƙi. Abun haushin shine baya zuwa da wuri, kanel na ta ƙoƙarin kwashe-kwashe yana ganin ai da sauran dabara, injin ya ƙame ƙam har maus ya daina motsi, na taɓa zama ina kallon allo sama da minti 10 a wata tsohuwar laftof ɗina daga ƙarshe na danne makunni, rubutun da ban ajiye ba ya tafi. Don haka maganar "Linux baya hangin" ƙarya ce, in ya tashi yi ma yafi na Windows muni.

Sai dai shi Linux ana gyara masa wannan halin cikin minti 5. Akwai 'yar manhaja earlyoom, da ta ga RAM da suwaf sun sauka ƙasa da kashi 10 sai ta sallami mai kaya tun kafin a sandare. Fedora, wani nau'in Linux, sun sa irinta mai suna systemd-oomd tun 2021, Ubuntu ma sun sa a 22.04 har mutane suka yi ta ƙorafi yana kashe musu abubuwa da garaje sai da aka sassauta. Sannan ga zram, wato maimakon a kai kaya Legas sai a matse su a cusa ƙarƙashin teburin, CPU ya ɗan wahala wajen matsewa da warwarewa amma ai dama zaune yake. Fedora na zuwa dashi a kunne tun 2020, a su Mint sai ka kunna da kanka. Kada ɗan Linux yayi maka burga da wannan, Windows 10 ma tana matsewar tun 2015, in ka duba Memory a Task Manager zaka ga an rubuta Compressed.

Wani wajen da zaka ji bambanci a jikinka shine in abu ya ƙi mutuwa. A Windows End task ne, in ya ƙi ka shiga Details ka kashe shi daga can, a nan ne ma zaka iya canza masa matsayi daga Low har Realtime, amma don Allah kada ka taɓa Realtime, na ga wanda ya sawa gem ɗinsa haka yana neman gudu, gem ɗin ya fi kibod da maus matsayi ya hana su numfashi. Windows 11 ta ƙara Efficiency mode a 2022, ka danna wa abun da ke damunka a bayan fage a sauke shi ƙasa ya rage shan batir, wannan kam ya burge ni. A Linux saƙo ake aikawa, kill da lambar PID yana tura sigina 15, ma'ana tattara kayanka ka fita da mutunci, in ya ƙi sai kill -9 wanda ba'a shawara dashi. Har dakatar da furoses zaka iya ka barshi a daskare ka tashe shi anjima. Amma akwai wanda ko -9 baya ɗauka, wanda zaka ga harafin D a gabansa, yana jiran faifai ne ko filashin da ya lalace, sai abun da yake jira ya amsa. Akwai kuma mai Z, zombi, ya riga ya mutu uwar da ta haife shi ce bata zo ta karɓi takardar mutuwarsa ba, baya cin komai sai layi ɗaya a rajista.

Haihuwar ma daban take, kuma in kai ɗalibin kwamfuta ne wannan ya shafe ka. A Linux furoses na tsaga kansa biyu ne da fork, ɗan ya fito sak uwar, sannan ya rikiɗe ya zama wata manhaja da exec, kowa in ka bi salsalarsa zaka tarar da PID 1 wanda a yawancin Linux na yau systemd ne. Windows kuma CreateProcess take kira a gina sabo daga tushe, yafi nauyi, shi yasa manhajojin Windows suka fi son yawaita zare akan yawaita furoses. Darasin da malami ke zana muku a allo, ready da running da waiting, a Linux da idonka zaka gani, buɗe htop ko ka leƙa cikin /proc kowane furoses da jakarsa. Windows ma nada Process Explorer na Mark Russinovich, kyauta ne kuma yafi Task Manager nesa ba kusa ba, amma misalan littattafan darasin yawanci na gidan Unix ne, dangin su Linux. Wani zai ce to ai akwai WSL2, Linux a cikin Windows. Akwai, kuma yana da kyau, amma kwamfuta ce ta bogi a cikin kwamfuta kuma an bata izinin ci har rabin RAM, a 4GB ka ɗora buhu ne akan jakin da ke tangaɗi.

Ƙananan abubuwa da sauri. Windows in manhaja na riƙe da fayil bata bari a goge ko a canza shi, shi yasa ofdet ɗinta sai da ristat, kuma shi yasa filashi ke ce maka ana amfani dashi alhali ka rufe komai. Linux na bari a sauya fayil ana tsaka da aiki dashi, kuma irin Mint baya sauke komai mai nauyi sai ka ce, wanda ga mai sayen data da hotspot ba ƙaramin abu bane, duk da a Windows ma in ka sa Metered connection ta kan kama kanta. Batir kuwa sau da yawa Windows ce ke gaba don masu ƙera injin ita suke yiwa direbobi, ga mai zama inda wuta sai an ga dama a lissafa wannan. Shut down a Windows tun daga 8 ba kashewa bace ta gaskiya, Fast Startup na ajiye kanel ɗin ne a faifai ya dawo dashi yadda yake, in kana son wankan tsarki Restart zaka danna, kuma in zaka haɗa Windows da Linux a inji ɗaya ka kashe Fast Startup ɗin in ba haka ba Linux zai ƙi rubutu a ɓangaren Windows. Sannan wayar Android ɗinka ma kanel ɗin Linux ce, in ka fita daga manhaja ka dawo ka ga ta fara daga farko, ɗan uwan OOM killer ne ya bi ta kanta.

Chrome fa duk inda ka kai shi halinsa ɗaya. Tun fitowarsa a 2008 yake raba shafuka furoses daban-daban don in ɗaya ya faɗi kada ya tafi da sauran, kuma don tsaro, kuɗin wannan kuwa RAM ne. Danna Shift da Esc a cikinsa ka ga wane tab ne ɓarawon, ka kunna Memory Saver. Tab 14 a Linux ma tab 14 ne, abun da ka samu kawai shine wancan 1GB da ɗoriya da babbar manhajar ta bar maka.

Yanzu zaɓi. In abincinka na cikin CorelDRAW ko Photoshop ko AutoCAD, ko kana bizines senta kana taifin da firintin, zauna a Windows kada kowa ya ruɗe ka, waɗannan basu da na Linux, kuma dabarun tilasta su sun fi hangin ɗin cin rai. Firintar shagonka ma ba lallai ta samu direba mai kyau ba. Kai gyaranka shine ka shiga Startup ka kashe tarkace, ka rage tab, ka ƙara RAM. In kuma rayuwarka burauza ce da kallo da PDF da koyon kodin, injinka 4GB ne kuma babu kuɗin ƙari yanzu, ɗora Mint Xfce ko Lubuntu, ka sa zram da earlyoom a ranar farko, zaka ji kamar an canza maka inji. Mai furojet da sufabaiza ke dubawa a Word yayi hattara, LibreOffice na buɗe docx amma teburi da lambar shafi kan goce, in ba zaka iya da Word na cikin burauza ba ka bari sai ka kare.

Akwai kuma abun da ke tura mutane ko basu so. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma na neman na'urar tsaro TPM 2.0 da Intel ƙarni na 8 zuwa sama, wanda yawancin na hannun da ke yawo a kasuwanninmu basu kai ba. Masu gyara na da hanyar tsallake shingen su ɗora maka, tana tashi kuma, amma ka ɗora mai nauyi ne akan injin da dama nishi yake.

In kana da 8GB da SSD kuwa duk wannan surutun nawa ya ragu saura kaɗan, zaɓi wanda manhajojinka ke ciki kawai. Shi yasa ma in kuɗinka na abu ɗaya ne tak ni SSD zan ce ka fara saya kafin ka canza babbar manhaja, ka dawo da siton daga Legas zuwa bakin kasuwa, sai RAM ya biyo baya in injin nada ramin ƙari, ka sa a buɗe a duba don wasu a liƙe yake da madabod ɗin. Kuma kafin ka goge komai ka ɗora Linux ɗin a filashi ka tada injin dashi ba tare da ka insitol ba, ka gwada Wi-Fi da sauti da kyamara da madannin haske, wasu katin Wi-Fi na Broadcom sai an sauke musu direba, kaga in baka da waya ko kebul a kusa ka shiga uku.

Shi ƙanin nawa haka muka yi. Ya wuni da Mint a filashi yana ta murna injin na gudu, da yamma ya buɗe babi na uku na furojet ɗinsa ya ga teburansa sun haye juna, yace "Yaya a'a, malamin nan ba zai saurare ni ba." Muka bar masa Windows ɗinsa, muka kashe abubuwa 9 a Startup, ya sayo SSD aka kwafe masa komai, tsohon HDD ɗin aka sa shi a kwanso ya zama na ajiyar finafinai. Filashin Mint ɗin dai har yau bai dawo min dashi ba, wai sai ya gama difens.